Yadda Yayana Ya Taka wa Jirgin Sama Birki

Duk unguwarmu babu mai kiran yayana da sunansa. Kyaftin ake ce masa, kuma shi ya laƙaba wa kansa. Sana'arsa koyar da tuƙin mota. Shekara talatin ke nan yana zaune a kujerar gefen direba, ƙafarsa a kan wani birki da aka haɗa masa a ɓangarensa, wanda yake dannawa duk sanda ɗan koyo ya nufi kwata ko gindin bishiya. Kyaftin ɗin kuwa ya samo asali ne daga wata tafiya da ya yi shekara ashirin da biyu da suka wuce, taron masu koyar da tuƙi a wani gari mai nisa. Tun da ya dawo muke shan labarin jirgin nan. Da farko dai kusa da taga ya zauna. Bayan shekara biyar sai ga matuƙin jirgin ya fito ya gaishe shi. Da aka kai shekara goma an shigar da shi ɗakin tuƙi. Bana kuwa da kunnena na ji shi a shagon Mai Aski yana cewa shi ya nuna wa matuƙin inda zai sha kwana.

Ni ƙanwarsa ce, ɗinki nake yi, shagona na jikin gidansa, saboda haka ko tari ya yi ina ji.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata. Mace mai sanyin hali, wadda in ta yi magana sau uku a wuni to ta yi surutu. Shekara uku da suka wuce lif, akwatin nan mai hawa da mutane sama, ya tsaya da ita a wani dogon bene, wuta ta ɗauke, ta yi minti arba'in ita kaɗai a cikin duhu. Tun daga ranar, in ta shiga wurin da aka rufe ƙofa kuma ba ita ke iya buɗewa ba, sai abin ya taso mata. Ƙirji ya ɗaure, zuciya ta yi ta bugu, hannuwa su yi sanyi, ta rantse mutuwa ce ta zo. Bara ta je har bakin ƙofar jirgi za ta ziyarci 'yarta, ta leƙa ciki, ta juyo gida da jakarta.

'Yar tata ita ce Auta, mace ɗaya a bayan maza uku, tana aure a wata ƙasa da teku ya raba mu da ita. Ciki biyu ta yi suka zube. Na uku ya zauna, likita ya ce aiki za a yi mata, ya sa rana, saura kwana goma. Ina zaune kusa da Malama aka yi wayar, na ji muryar yarinyar nan tana rawa.

"Umma, ni ba na son komai. Ina so dai in buɗe ido in gan ki."

Mijin Auta ya aiko da tikiti uku, na Malama, na Yaya, da nawa ni gwaggo. Malama ta riƙe takardar tana kallo. Wallahi ta ba ni tausayi, don na san ko da rarrafe ne za ta je wa 'yarta, amma teku ba ya rarrafuwa.

Sai Yaya ya miƙe ya gyara wando.

"Kwana bakwai," in ji shi. "Ku ba ni kwana bakwai. Na koya wa mutum dubu tuƙi, har da wanda ke suma in ya ji hon. Tsoron jirgi kuma wani abu ne? A hannuna ya ƙare."

"Yaya, akwai Nas a ƙarshen layi, ta san irin wannan ciwon," na ce.

"Ke Tela, Nas ta taɓa shiga ɗakin tuƙi?"

Washegari aka wayi gari da allo a ƙofar gida: MAKARANTAR CIRE TSORON JIRGI, MAƘWABTA KYAUTA. Kafin hantsi falo ya cika. Ga Mai Aski, ga Mai Shago, ga Bakanike da baƙin mai har gwiwar hannu, ga Iya, tsohuwar gidan da ke kallon namu, wadda ko tashar mota ba ta taɓa wucewa ba.

"Iya, ke kuma ina za ki?" na tambaye ta.

"An ce a jirgi ana raba abinci."

Yaya ya jera kujerun cin abinci biyu-biyu, ya bar hanya a tsakiya. Ya kwanto bel daga tsofaffin motoci ya ɗaure a kowace kujera. Ya rufe tagogi, ya ja labule, ya kafa fanka uku a gaba. Shi kuma ya sa baƙar kwat da wata hula mai baki wadda na tabbata ta masu gadi ce. Mai Aski ya zama mataimakin matuƙi, aikinsa ya kunna injin aski ya kara a bakin bokitin ƙarfe don a ji ƙarar inji.

"Fasinjoji, Kyaftin ne ke magana. Kowa ya ɗaura bel. Yanzu za mu sa giya ɗaya."

"Jirgi na da giya?" in ji Bakanike.

"Ka taɓa hawa?"

"A'a."

"To ka yi shiru."

Aka kunna fanka uku lokaci guda. Takardun jarrabawar ɗaliban Malama da ke kan tebur suka tashi sama, su kaɗai suka yi tafiyar jirgi a ranar. Ɗankwalin Iya ya bi su. Mai Aski ya matsa injinsa jikin bokiti, ƙarar ta cika falo sai ka ce ana yankan kwano, sannan fus ɗin wutar gidan ya ƙone, komai ya tsaya.

"Mun sauka lafiya," in ji Yaya. "Kowa ya kwance bel."

Kowa ya kwance ban da Iya. Nata ya cije. Bakanike ya ja, Mai Shago ya ja, Yaya ya ce a bar masa, ya ja, kujera da Iya suka taso tare.

"Ni ku sake ni, fitsari nake ji! Wane irin jirgi ne wannan, babu abinci, babu fita!"

Da almakashina aka yanke ta. Tana fita tana ja wa Yaya Allah ya isa, shi kuwa yana bayanin cewa a jirgin gaske ma haka ake yi wani lokaci. Na duba Malama. Tana durƙushe tana tsince takardu.

Rana ta uku aka ce darasin gargada ne, wato yadda jirgi ke jijjiga in ya shiga gajimare. A garejin Bakanike akwai wata tsohuwar bas da ta yi shekara biyu ba ta motsa ba, an sa mata dutse a gindin taya saboda wurin gangare ne. Yaya ya sa aka liƙe tagoginta da jarida. Muka shiga, ya rufe ƙofa, ya zauna a gaba, kujerar gefen direba kamar yadda ya saba. Babu kowa a kan sitiyari. Bakanike da Mai Shago suka tsaya a waje, aikinsu su girgiza motar in an ba su umarni.

"Gargada kaɗan!" ya yi ihu.

Suka girgiza.

"Gargada sosai! Haba, ba ku karya ba ne?"

Suka zage. A jijjiga ta huɗu dutsen ya zame. Na ji girgizar ta tsaya, wani abu mai santsi ya maye gurbinta.

"Kyaftin," in ji Mai Aski, "kamar fa muna tafiya."

"Haka ake ji. Kwakwalwa ce ke yaudararka."

Mai Aski ya ɗaga jaridar taga ya leƙa. "Kyaftin, ga Bakanike can a baya yana gudu!"

Jaridar gilashin gaba ta ɓalle, sai ga titi na tahowa. Abin da na gani a lokacin ban gane shi ba sai daga baya. Yaya bai yi tsalle ya kama sitiyari ba, bai ja birkin hannu ba. Ƙafarsa ta dama kawai yake bugawa a ƙasan motar, bam, bam, bam, yana neman birkin nan nasa da babu shi a bas ɗin. Idanunsa sun firfito, gumi ya wanke masa fuska. Mai Aski ne ya yi dabarar finciko birkin hannu, amma kafin ya kama mun riga mun isa rumfar Mai Shago. Kiret tara na ƙwai ne suka tare mu.

Mai Shago ya iso yana haki, ya tsaya yana kallon gwaiduwa na bin kwata.

"Kyaftin, da hannuna na turo mota ta fasa min kaya. Wa zan kai ƙara?"

"Saukar gaggawa ke nan," in ji Yaya. "Da ma tana cikin manhaja."

Ba wanda ya yi dariya, don a kujerar baya Malama ta dafe ƙirji tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe. Ƙofar bas ta maƙale, ita kuma ta ga ta maƙale. Leɓenta ya yi fari.

"Zan mutu. Ku buɗe. Zan mutu ban ga Auta ba."

Ban san sanda na dira ta taga ba, da girmana da komai. Na ruga ƙarshen layi na jawo Nas daga kan wanki. Mace ce gajeruwa mai kaifin baki. Ta shiga ta tagar da na fito, ta zauna kusa da Malama, ta kama hannunta.

"Malama, kalle ni. Ba mutuwa ba ce, na sha ganinsa. Tsoro ne ya buga ƙararrawa alhali babu gobara. Zai hau, ya kai ƙarshensa, ya sauko da kansa. Ja numfashi ta hanci, ina ƙirga huɗu. Yauwa. Sake shi a hankali ta baki, har shida. Kuma dai. Yanzu faɗa min abu biyar da kike gani."

"Kujera... jarida... takalmin Tela..."

"Saura biyu."

"Ƙwai. Ƙwai ko'ina."

"To kin ga har kin fara gani. Danna tafin ƙafarki a ƙasa, ki ji ƙasan na nan."

Cikin minti goma numfashinta ya daidaita. Nas ta ce ta riƙa zuwa kullum da la'asar su yi ta maimaitawa, har su gwada zama a ƙaramin ɗaki da ƙofa a rufe, minti ɗaya, minti biyu, a hankali. Yaya na tsaye a gefe yana goge ƙwai daga kwat ɗinsa.

"Numfashi!" ya ce. "Yanzu numfashi ne sai an koya wa mutum? Tun da aka haife ni nake yinsa."

"Kai kuma Kyaftin, me ya sa rigarka ta jiƙe sharkaf?" in ji Nas.

"Zazzaɓi ne ke ɗan taɓa ni."

"Allah ya sawwaƙe," ta ce, tana kallonsa sama da ƙasa.

Mai hankali da ya sauke allo daga nan. Yaya kuwa sai ya ƙara masa layi: DARASIN SABO DA TSAWO. Rana ta biyar ya tara mu gindin tankin ruwan unguwa, mai tsanin ƙarfe. Ya ce shi zai fara hawa ya nuna, sannan Malama ta biyo. Ya hau da kuzari, yana lacca yana hawa, har ya kai ƙarshe ya juyo zai ɗaga mana hannu. Ya kalli ƙasa. Hannun bai ɗagu ba. Sai ya rungume ƙarfe da hannu biyu da ƙafa biyu.

Minti ashirin muna ɗage da kai.

"Kyaftin, lafiya?" in ji Mai Aski.

"Ina nazarin iska!"

"Ta ina take kaɗawa?"

"Ta ko'ina!"

Iya ta kawo kujerarta ta zauna a inuwa, ta ce wannan darasin ya fi na falo daɗi. Sai da aka kira masu gyaran wuta suka zo da igiya suka zuro shi kamar buhu. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya gyara hula, ya ce ya gama binciken, tankin bai cika ƙa'idar da za a ɗora ɗalibi a kai ba. A duk wannan Malama na zuwa gidan Nas kullum da la'asar. In ta dawo sai Yaya ya dube ta ya ce da jama'a, "Kun ga yadda take samun sauƙi? Aikina ne." Ita kuma ta ce, "Haka ne, Maigida." Abin ya riƙa ba ni haushi har na kasa haƙuri na same ta a kicin.

"Malama, don Allah me ya sa kike biye masa? Mutumin nan zai kashe mu kafin mu ga jirgin."

"Ki bar shi, Tela. Makarantar nan ba don ni ya buɗe ta ba."

Ban gane ba, ita kuma ba ta ƙara ba.

Ranar tafiya rabin layinmu ya rako mu filin jirgi a mota uku. Yaya na gaba da kwat da hula, yana jan wata jaka mai nauyin tsiya da ya hana kowa taɓawa. A wurin bincike aka sa ta cikin na'ura, ma'aikacin ya kalli allon, ya kalli Yaya, ya kira abokin aikinsa.

"Baba, buɗe mana."

Aka fito da jak ɗin ɗaga mota. Aka fito da sifana uku, tukunyar kashe gobara, igiyar jan mota, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace.

"Baba, wannan fa?"

"In aka samu matsala a hanya, da me za a sanar da jirgin da ke biye?"

Maƙwabta na bayan gilashi suna kallo ana kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ɗaga musu babban yatsa, wai ya ba ma'aikatan gudummawa. Sannan ya kira Mai Aski a waya, ya ce ya sa lasifika kowa ya matso, zai ba su darasin ƙarshe kai tsaye daga cikin jirgi. Ya jefa wayar a aljihun gaban kwat, yana tafe yana sharhi.

"Yanzu muna tunkarar jirgin. Tayoyin gaba iskarsu ta ɗan yi ƙasa, zan yi wa yaron magana. Yanzu muna hawa matakala."

Daga matakala sharhin ya fara raguwa. Da muka shiga ciki ya ƙare. Kujeru uku ne a jere, ni a taga, Malama a tsakiya, Yaya a bakin hanya. Ina jin Malama na ƙirga numfashinta ƙasa-ƙasa, huɗu, shida, huɗu, shida. Goshinta ya tsattsafo da gumi, amma tana zaune. Yaya kuwa ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin kujerar gabansa, yana lalube da ƙafa.

"Me ka yar?" na ce.

"Babu komai a nan," ya ce. "Tela, babu komai a nan ƙasan."

"Me kake so a sa maka?"

Sai ya tare ma'aikaciyar jirgi da ke wucewa.

"'Yata, wa ke tuƙin?"

"Matuƙanmu biyu ne, Baba, ƙwararru."

"Shekararsu nawa? Wa ya koya musu? In suka yi kuskure wa zai taka musu... wa ke zaune a gefensu?"

"Baba, ka kwantar da hankalinka, yanzu za a rufe ƙofa."

Kalmar ƙofa ce ta ƙarasa shi. Ya zabura zai miƙe, bel ya dawo da shi. Ya kama kokawa da bel ɗin, ya manta yadda ake buɗewa, shi da ya yi mako guda yana koyarwa. Hula ta faɗi ta gangara. Numfashinsa ya koma irin na Malama a cikin bas, har ya fi.

"Ku sauke ni! Zuciyata za ta tsaya! Ku kwance ni, ni ban taɓa hawa ba! Wallahi ban taɓa hawa jirgi ba! A bas na je, a bas na dawo, kwana biyu-biyu!"

Jirgi ya yi tsit. Mutum fiye da ɗari suka juyo. A cikin shirun nan sai wata 'yar murya ta fito daga aljihun kwat.

"Kyaftin, muna ji, ci gaba." Mai Aski ne. Daga bayansa kuma muryar Iya, tar da ita: "Ya ce a me ya je?"

Na zaro wayar na kashe. Da a wani wuri ne da na yi dariya har na faɗi, amma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ga shi yana kuka da hawaye a gaban baƙi. Kunya da tausayi suka haɗu suka kama ni.

Ma'aikaciyar ta durƙusa kusa da shi. Ta ce in yana son sauka za a sauke shi, amma yanzu za a yanke shawara, kuma in iyalinsa za su bi shi su faɗa. Ya damƙi hannun Malama.

"Tashi mu tafi gida. Malama, tashi. Ma yi mata waya."

Na san abin da ke cikin ranta. Ga ƙofa a buɗe, ga uzuri ya zo har inda take, babu wanda zai zarge ta. Na ga ta kalli ƙofar nan, ta daɗe tana kallo. Ta ja numfashi, ta sake shi a hankali har shida.

"Ba inda za ni," ta ce. "Auta na jirana. Kai ma tana jiranka."

"Malama, ƙarya na yi miki shekara ashirin da biyu."

"Na sani. Ni na wanke wandon da ka dawo da shi, tikitin bas ɗin na aljihu."

Ya saki baki yana kallonta.

"Kalle ni, Maigida. Ba mutuwa ba ce. Ni na san hanyar nan, na riga ka bin ta. Zai hau, ya sauko. Ja ta hanci, ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sake shi. Faɗa min abu biyar da kake gani."

"Ba na ganin komai! Babu birki, Malama! Shekara talatin na saba in ina cikin abin da ke tafiya akwai birki a ƙafata!"

Sai ta zame takalminta, ta miƙa ƙafarta ta hagu, ta cusa ta ƙarƙashin tasa ta dama.

"Ga shi nan. Taka."

Ya taka. Na ga ta runtse ido. Ya sake takawa, sannan kafaɗunsa suka ɗan sauko. Ma'aikaciyar ta dube shi, ta dubi Malama.

"A rufe?"

"Rufe, 'yata," in ji Malama.

Awa huɗu muka yi a sama. Da jirgi ya ɗiba a guje zai tashi, Yaya ya danna birki iya ƙarfinsa, jirgi bai saurare shi ba. Da muka shiga gajimare aka fara gargadar gaske, ya yi ta dannawa yana cewa, "A hankali, yaro, a hankali, saki totur." Malama na ƙirga masa, yana bi, wani lokaci ita ce ke ɓacewa a lissafin sai in karɓa. Sau biyu abin ya taso mata ita ma, na ji hannunta ya yi sanyi, amma ta rasa lokacin da za ta ji da nata tsoron, tana fama da na miji. Wani dattijo a kujerar gefe ya tsinto hular ya miƙo, Yaya ya ce ya riƙe, ya bar masa. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ya yi wata dannawar da ta sa Malama ta ce "wash" a karon farko, jirgi kuma ya rage gudu ya tsaya.

"Kun gani?" ya ce a hankali. "Ya kama."

Ba ta iya sa takalmin ba. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum, yatsu sun yi baƙi. A keken marasa lafiya aka turo ta zuwa inda ake tarbar baƙi. Auta na tsaye da cikinta a gaba, tana hango uwarta ta fashe da kuka, sannan ta ga ƙafar.

"Umma! Me ya same ki?"

Yaya ya gyara kwat, ya buɗe baki. Na ce a raina, to, ga sabon labari zai fara, yau kuma shi ya sauke jirgin. Sai ya kalli ƙafar nan, ya rufe bakin. Ya karɓi keken daga hannun ma'aikacin.

"Uwarki ce ta kawo ni," ya ce. Ya tura ta har mota, takalminta ɗaya a hammatarsa.

Bayan kwana uku aka yi aikin. Da Auta ta buɗe ido, Malama na zaune a gefen gado, ƙafa a naɗe da bandeji a kan kujera, jaririya a hannu. Na fita baranda na sha kukana na ƙoshi. Ina share ido Yaya ya fito ya tsaya kusa da ni. Wayarsa na ta ƙara tun ranar da muka sauka, Mai Aski ne, bai ɗauka ba ko sau ɗaya.

"Tela," ya ce, "Malama fa wata uku za ta yi a nan."

"Na sani."

"Ni da ke kuma jibi-jibin nan za mu koma, nan da mako biyu."

"Haka tikiti ya ce."

Na bi idonsa, sai na ga ƙafata yake kallo, ta hagu.

Da yammar ranar na sa mijin Auta ya kai ni kasuwa, na sayi takalmin masu aikin gini, mai ƙarfe a baki.